Furfurar da ke ƙarƙashin ɗankwalina

A dangin mahaifiyata furfura ba ta jiran tsufa. Inna ta ce tana goyon ƙanena ta fara ganin tata, ita kuwa kakarmu da muke kira Iya, ban taɓa sanin ainihin launin gashinta ba. A cikin birnin Kano aka haife ni a 1966, ba nisa da karofin Ƙofar Mata, kuma matan zamanin su Iya shuni suke sa wa kansu. Za a yi mata doka, a kwaɓa shuni da man shanu a dulmuye kan da shi har ya riƙa ƙyalli. Matashin kanta da wuyan rigarta da bayan kunnenta duk sun rine. In ta rungumi yaro, da shuɗin kunci yake komawa ɗakin uwarsa, kowa ya san daga inda ya fito. Ba wanda ya taɓa cewa Iya na ɓoye tsufa, don kwalliyar ce haka, budurwa ta yi, tsohuwa ta yi.

Ni tawa ta fito ina ɗan haura talatin. Makitsiyata ce ta gano ta, tana cikin tsaga da kibiya sai ta tsaya ta ce, "Malama, kin fara arziki." Silin guda uku ne a gefen dama, sama da kunne. Da na gaya wa Inna, abin da ta fara cewa shi ne kada in kuskura in tsige, wai in aka cire ɗaya goma ke fitowa. Wannan dai ba haka yake ba, kowace ƙofar gashi sili ɗaya take fitarwa, in kin tsige fari wani farin ne zai maye gurbinsa a nan wurin, maƙwabtansa kuma da ma suna kan hanya. Amma hanin da ta yi min yana da tushe, domin ya zo a hadisi cewa kada a tsige furfura, haske ce ga Musulmi ranar alƙiyama. Na bar su. Shekaru suka yi ta tafiya suna ƙara 'yan'uwa, ban damu ba.

Akwai abin da ya bambanta mu da matan da muke gani a talabijin suna maganar rinin gashi. Su duniya ce ke kallon kansu, a ofis, a kasuwa, a hanya. Mu namu a rufe yake. Duk tsawon shekarun da na yi ina koyarwa a firamare, babu ɗalibi ko malami ɗaya da zai iya faɗin ko gashina baƙi ne ko fari. Masu ganin kan macen Bahaushe ba su da yawa: mijinta, makitsiyarta, 'ya'yanta, sai abokiyar zamanta in tana da ita. Saboda haka in kin ga ta tashi tsaye a kan furfura, cikin waɗannan 'yan tsirarun ne akwai wanda take yi domin shi, ko wadda take yi saboda ita. Ni kam na san ranar da tawa ta fara damuna, kuma ba madubi ne ya jawo ba.

A 2003 Alhaji ya kira ni ɗakinsa bayan sallar isha ya ce zai ƙara aure. Ban yi hauka ba, ban fasa kwano ba, na yi masa fatan alheri kamar yadda aka koya mana. Amma da aka kawo min kayan faɗar kishiya, cikin kuɗin da ya haɗo da su na ware na tafi salun, karo na farko a rayuwata da na je don wani abu ban da wankin kai. Yarinyar da za a kawo shekarunta ashirin da biyu. Ni ina da talatin da bakwai, da 'ya'ya biyar, da farin gashi da ya riga ya zagaye goshi.

Har yanzu ina tuna warin abin, wani wari mai hawa hanci ya sa ido ƙwalla. Yarinyar salun ta sa safar roba, ta kwaɓa garin da ruwa a wani ɗan kofi, ta shafa min basilin a gefen goshi da kunnuwa don kada fata ta kama, sannan ta bi tsaga-tsaga da tsohon buroshin haƙori tana shafawa. Bayan kamar rabin sa'a aka wanke. Da na ɗago na kalli madubi, wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara goma ta sauka daga kaina a zama ɗaya. Daren nan da na cire ɗankwali Alhaji ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ikon Allah, amaren biyu ne ashe." Wannan maganar ta riƙe ni shekaru.

Abin da ba a gaya wa mai fara rini shi ne ta ɗauki aikin da ba ya ƙarewa. Gashi yana tsiro kimanin santimita ɗaya a wata, kuma daga gindi yake fitowa da launinsa na gaskiya. Mako uku zuwa huɗu sai wani farin layi ya bayyana a kowace tsaga, kuma a kan baƙin rini ya fi fitowa fili fiye da lokacin da furfurar ke gauraye da sauran gashi. Ga shi a lokacin muna sa rilaksa, ita ma tana da nata lokacin, kuma ba a haɗa su rana ɗaya sai an ba da tazarar kamar mako biyu, in ba haka ba gashin ya kakkarye. Furfura kuma tana da taurin kai. Ta fi sauran gashi bushewa da kaushi, ba ta son kwanciya cikin kitso, kwana biyu da yin shuku sai ki ga ta miƙe tsaye a gaban goshi, daidai inda ɗaurin ɗankwali ya tsaya. Ranar biki in lokacin rini bai yi ba, jagira nake gogawa a wurin, in yi ta addu'a kada gumi ya tona min asiri a cikin mata.

Zuwa salun kowane wata ya fi ƙarfin albashin malamar firamare, sai na koma sayen garin a kasuwar Sabon Gari ina yi a gida. Gaba da gefe ina iyawa, ƙeya ce matsala. 'Yata ta fari tana makarantar kwana. Wata Asabar ina tsakar gida ina ta fama da madubi biyu, Amarya ta fito daga kicin ta tsaya tana kallona, can ta ce, "Yaya, kawo in shafa miki bayan, kin bar wuri da yawa." Na yi shiru na ɗan lokaci, sannan na miƙa mata buroshin. Daga ranar wadda nake ɓoye wa furfurar ita ta zama mai rufe min ita, kuma hannunta ya fi na 'yan salun sauƙi. Ba zan ce ba mu taɓa saɓawa ba, mun yi, har gaba mun yi ta 'yan kwanaki, amma ko muna cikin fushi in wata ya zagayo za ta leƙo ta ce, "Yaya, yau ne ko gobe?"

Da na doshi arba'in da biyar sai na fara lura baƙin ba ya yi min kyau kamar da. Launin bai sake ba, fuskar ce ta sake. Gashin da Allah ya halitta ba baƙi ɗaya ba ne, in rana ta haske shi za ki ga ruwan ƙasa a wani wurin, wani silin ya fi wani duhu. Na rini kuwa baƙi ne wuluk kamar an zuba kwalta, ba sama ba ƙasa. A kan fuskar yarinya yana wucewa. A kan fuskar da ta fara sakin jiki, da layi a gefen baki da duhu a ƙasan ido, sai ya ƙara fito da duk abin da ake son ɓoyewa. Sabuwar makitsiyata, wata 'yar Maiduguri da ba ta iya ɓoye magana ba, ta faɗa min a fuska: "Hajiya, wannan baƙin ya fi ƙarfinki yanzu." Na ji haushi, amma na san ido ba mudu ba ne, ya san kima.

Jikina ne ya yanke hukuncin kafin in yanke. An daɗe ina jin ɗan ƙaiƙayi bayan kowane rini, kwana ɗaya ya wuce. Wani karo a 2012 bai wuce ba. Daren farko fatar kan ta yi zafi. Washegari bayan kunnuwana suka yi ƙuraje masu ruwa, goshina ya kumbura, zuwa yamma fatar idona ta hau har ba na iya buɗe na hagu. Matashin da na kwana a kai ya jiƙe da ruwan da ke tsattsafowa daga kan. Alhaji ya shigo ya gan ni ya yi salati, ko takalmi bai tsaya sauyawa ba ya sa ni a mota.

Likitar da ta duba ni mace ce, kuma tana ganina ta tambaya ko na yi rinin gashi ko baƙin lalle. Ta ce akwai wani sinadari da ake kira PPD a mafi yawan baƙin rini mai daɗewa, shi ke sa launin ya kama ya zauna. Mutum na iya shekaru yana amfani da shi lafiya, jiki yana tara masa gaba a hankali, rana ɗaya ya ƙi shi, kuma in ya ƙi ya ƙi ke nan har abada. Shi ya sa ake rubutawa a takardar cikin kwali cewa a gwada kaɗan a bayan kunne a jira sa'a 48 kafin a shafa wa kai, kowane karo, ba karon farko kaɗai ba. Garin da nake saya a ƙulle a leda yake zuwa, babu kwali balle takarda. Ta kuma gargaɗe ni cewa dayis ɗin da masu ƙunshi ke zana wa mata a hannu shi ma sinadarin nan ne, sau da yawa ma ya fi na kai ƙarfi, kuma a Sudan, inda matan suka shahara da baƙin lalle, asibitoci sun daɗe da sanin illarsa, har da masu mutuwa in sun sha shi, don yana kumbura maƙogwaro ya lalata ƙoda. Ta ce in ɗauke shi daga inda yara za su kai hannu. Aka ba ni allura da magunguna, fatar ta yi ta saɓa har ta warke, gashin gefen kunne ya zube bai dawo da cikarsa ba har yau.

Abin da ya fi min ciwo ba kan ba ne. Shekarar da ta biyo baya aka yi bikin 'yata, ranar ƙunshi gida ya cika, ƙawayena da 'yan'uwana kowa ta miƙa hannu ana zana mata baƙin fure har gwiwar hannu, ni uwar amarya ina zaune da jan lalle irin na tsofaffi a tafin hannu da ƙafa, an ɗaure min da leda. Wata ƙanwar Alhaji ta ce, "Ke kuma yau tsohon yayi kika tuna?" Na ce mata e.

A wannan tsakanin ne na kai tambayar Islamiyyar matan aure da nake zuwa da yamma. Malamarmu ta buɗe Risala ta nuna mana wurin, ga shi ƙarara: rina gashi da baƙi makaruhi ne ba tare da ya kai haramun ba, amma babu laifi a yi da lalle da katam. Ta kawo labarin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, da aka kawo shi gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ranar buɗe Makka, kansa da gemunsa fari fat, aka ce a sauya masa wannan farin amma a nisanci baƙi. Ta ce shi kansa Sayyidina Abubakar da lalle da katam yake rini, Sayyidina Umar kuma da lalle zalla. Katam ɗin wani tsiro ne da ake samu a ƙasar Yaman, in an haɗa shi da lalle sai ya ba da launi tsakanin ja da baƙi. Ta ƙara da cewa wasu malaman sun tsananta a kan baƙin fiye da haka, wasu sun sassauta wa matar da ke yi don mijinta, amma inda ba su yi sassauci ba shi ne a yi shi don yaudara, kamar mai neman aure ya rina don a ɗauka yaro ne. Wata ta tambaya ko lalle na hana alwala. Malama ta ce launin ba ya hana ruwa taɓa gashi, kwaɓin ne ke hanawa kafin a wanke shi. Sai a lokacin na fahimci dattawan da na gani a Mina lokacin aikin Hajji, 'yan Pakistan da Somaliya masu jan gemu, waɗanda muka yi ta kallo muna ƙunshe dariya.

Lallena na farko abin dariya ne. Lalle ba ya mai da fari baƙi, launinsa yake ɗora wa sili. Inda gashi yake baƙi ba za ki ga komai ba sai a rana, inda yake fari kuwa sai ya koma ruwan goro mai haske. Tunda furfurata a gaba ta taru, sai na fito da goshi ja jawur da ƙeya baƙa. Autana ya shigo daga makaranta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Mama, gobara aka yi?" Alhaji bai ce komai ba, wanda ya fi maganar ciwo.

'Yar Maidugurin nan ce ta koya min yadda ake yi. Lallen gargajiya za ki samu, ganye zalla, ki tabbatar ba a gauraya masa komai ba, don yanzu akwai masu zuba masa sinadari su ce na Indiya ne mai kama da wuri. Ni a kasuwar Rimi nake sayen busasshen ganyen in kai a niƙa, in tankaɗe da rariya mai laushi. A kwaɓa da ruwan shayi mai ɗumi da ɗan lemun tsami, a rufe a bar shi ya kwana ya saki launi. Da safe a shafa daga gindi, a ɗaure da leda, a ɗora tsohon ɗankwali, a yi aikin gida da shi har azahar. Wannan mataki na farko ke nan. Na biyu shi ne garin ganyen baba, wanda ba ya son jira: da an kwaɓa shi da ruwan ɗumi da ɗan gishiri sai a shafa a kan jan nan da nan, a bar shi sa'a ɗaya zuwa biyu. In an wanke za ki ga kamar kore-kore, kada ki tsorata, kwana biyu yake ɗauka ya nuna. Abin da ke fitowa ruwan ƙasa ne mai duhu, inda furfurar take ya ɗan fi haske, kai ya yi kama da na mutum. Baba shi kaɗai a kan farin gashi shuɗi yake bayarwa, sai da lalle a ƙasa. Da na ji warinsa na gane ɗan'uwan shunin Iya ne, tsiro ɗaya ne, hanyar sarrafawa ce ta bambanta. Lalle yana busar da gashi, don haka bayan an gama sai an bi da man kaɗanya ko man shanu, wanki kuma na koma karkashi. Rilaksa ma na bar ta a wannan lokacin, gashin da ya rage ba zai iya ɗaukar duka biyun ba.

Wahalarsa ta fi ta rinin kanti nesa ba kusa ba. Wancan rabin sa'a ne, wannan yini guda ne da kwana. Amma launin ya dace da shekaruna, kuma in gindin ya fara fitowa ba ya yin wannan farin layin mai tsawa. Amarya ta ci gaba da shafa min ƙeya, tana mita wai lalle na ɓata mata farce.

Alhaji ya rasu a ƙarshen watan Afrilun 2020, a kwanakin nan da Kano ta yi ta rasa dattawanta ana cikin kullen korona, ga azumi ya kama. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Mutane kaɗan ne suka samu zuwa jana'iza, gaisuwa ma yawanci ta waya aka yi. Muka shiga takaba ni da Amarya, wata huɗu da kwana goma, babu lalle, babu kwalli, babu turare. Ko da an halatta ma babu mai zuciyar yi.

Wajen wata na uku da aka sassauta kulle, 'yan'uwa suka fara zuwa. Wata gwaggona ta ga gaban kaina ta fashe da kuka, ta ce baƙin ciki ya tsofar da ni a dare ɗaya. Ban ce mata furfurar shekara ashirin ce ta samu hanyar fita ba. Autan nawa da ke karatun haɗa magunguna, yana gida saboda an rufe jami'o'i, shi ya zaunar da ni yana min bayani. Ya ce a gindin kowane sili akwai ƙwayoyin da ke samar da launin da ake kira melanin, in suka ƙare sai silin ya fito babu launi. Gado ne ya fi ƙarfi a lokacin da za su ƙare. Turawa sukan fara tun tsakiyar shekaru talatin, mu baƙar fata galibi sai tsakiyar arba'in, don haka mu a gidanmu masu sammako ne. Ƙarancin bitamin B12 da ciwon maƙoƙo da shan taba na iya gaggauta ta. Game da maganar Gwaggo kuma ya ce ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba, don a farkon shekarar 2020 masu bincike a jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna a jikin ɓeraye cewa tsananin tashin hankali na ƙarar da waɗannan ƙwayoyin. Sai dai silin da ya riga ya fito ba ya sauya launi da kansa, sabon da ke tsirowa ne ke zuwa fari. Na ce to ni dai ba ɓera ba ce, a ƙyale ni.

Wata rana da hantsi Amarya ta ce in taimaka mata da tsifa, kanta ya dame ta, makitsiya ba ta zuwa. Ta zauna a gabana ta zame ɗankwali. Na sa kibiya na buɗe tsagar farko, sai ga fari, kusan tsawon gaɓar yatsa biyu daga gindi, daga nan baƙi wuluk har ƙarshe. Na buɗe ta biyu, haka. Na ce, "Ke, wannan fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yaya, shekara shida ke nan. A gidanmu nake yi in na je gaishe da Umma." Na ce don Alhaji? Ta ce, "Alhaji ai ya sani. Ke ce ba na so ki gani." Ranar ce muka fara yin dariya a gidan tun bayan rasuwar, muka yi har yara suka leƙo suna tambaya ko lafiya, daga dariyar kuma muka koma kuka. Na sa ta yi min alkawarin gwaji a bayan kunne in za ta koma, tunda ta ga abin da ya same ni da idonta. Ta koma ɗin, ta kuma yi aure bayan shekara biyu, muna zumunci har gobe.

Ni da na fita takaba ban koma ba, na daɗe ban ko taɓa lalle ba. Na bar farin ya leƙo ta gaban ɗankwali, na ga yadda mutane suka sauya min. A layin tantance 'yan fansho yaro ya tashi ya ba ni kujera yana cewa, "Zauna nan, Mama." A taron dangi in na yi magana sai a saurara har in kai aya, abin da ban saba gani ba. Ya zo a Muwaɗɗa cewa Annabi Ibrahim, alaihis salam, shi ya fara ganin furfura, ya tambayi Ubangijinsa mene ne wannan, aka ce masa kwarjini ne da natsuwa, sai ya roƙi a ƙara masa. Na ɗanɗani wani abu daga ciki. Amma kada mu yaudari kanmu, rabon ba daidai ake yi ba. Namiji in ya yi furfura darajarsa ce ta ƙaru, har budurwa a ba shi. Mace mai miji in ta bari tata ta fito, 'yan'uwanta mata ne za su fara cewa ta saki jiki, ta ba wa wata ƙofa. Shi ya sa ba na ganin laifin duk wadda ta rina. Mazan da nake wa dariya su ne abokan aikinmu da suka rage shekaru a takarda, kowane wata sai sun bi kai da saje da baƙi don fuska ta yi daidai da fayil, gwiwa kuwa tana faɗin gaskiya in za su hau matakala.

Yanzu lalle zalla nake sawa, ba baba, kuma ba kowane wata ba, sai Sallah ta gabato ko in raina ya so. Tunda farin ya game kan gaba ɗaya, jan ya daina zama gobara a goshi, ya koma launi ɗaya mai kyau da ke duhu in an maimaita. Jikokina mata suna rigimar wadda za ta riƙe min kwano.

Bara wani dattijo ya aiko yana nemana, abokin Yayana ne, matarsa ta rasu. Ya zo gaisuwa da yamma aka shimfiɗa masa darduma a zaure. Mutum ne mai kamala, mai magana a hankali, shekarunsa sun haura saba'in. Gemunsa kuwa baƙi ƙirin. Wadda ta yi shekaru tana wannan aikin ba a ɓoye mata: ga ɗan duhun da ya kama fata a gefen saje inda ba a shafa basilin ba, ga farin gindi ya fara leƙowa a ƙasan leɓe, na ce a raina wannan ya yi mako biyu. Da ya tafi na kira Yaya na ce ya gaya wa abokinsa abu biyu. Na farko, kaina fari ne tas a ƙarƙashin lalle, kada ya ce ba a faɗa masa ba. Na biyu, ni jikina ba ya shiri da baƙin rini, ko a matashin kai na haɗu da shi sai na kwana a asibiti, don haka ya zaɓa. Yaya ya ce, "Wannan saƙon ni zan kai shi?" Na ce ai kai ne waliyyi.

Ya ɗauke ƙafa har na ɗauka ya fasa. Ashe aske gemun ya yi ya jira sabo ya fito. Ranar wata Juma'a sai ga shi da ɗan gajeren gemu ruwan goro mai haske, irin wanda ake hangowa daga bakin layi, yaran unguwa na biye da motarsa. Bayan mun gaisa ya shafa shi ya ce, "Hajiya, an bi umarni, amma jikokina sun ce ba za su bi ni masallaci ba." Na tambaye shi wa ya kwaɓa masa, ya ce direbansa. Na shiga ciki na ƙullo masa garin baba a leda, na ce a kwaɓa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a shafa nan take, kada a bari ya kwana kamar lalle, kuma ya ba 'yarsa ta yi masa, ya ƙyale direba da tuƙi. Maganar auren tana hannun Yaya, sun ce sai bayan Sallah babba.